Sanyin Jos ne ke cinye gwiwar Mama?

'Yar'uwa, kin tambaya ko sanyin Jos ne ya zaizaye wa Mama guringuntsin gwiwa, tunda ciwon yakan tsananta da hunturu. Allah ya ba ta lafiya. Sanyi na sa gaɓa ta sage, amma ba shi ne ɓarawon ba.

A jikinmu akwai wasu ƙananan furotin da ake kira saitokin, 'yan aiken garkuwar jiki. Idan gaɓa ta sha nauyi ko ta ji rauni, irin su IL-1 da TNF sai su yawaita. Su ne ke zuga ƙwayoyin guringuntsi su fitar da sinadaran da ke narkar da kolajin, wato zaren da ke riƙe guringuntsin. Ɓarawon na cikin gida ke nan. Akwai masu kwantar da tarzoma kamar IL-10, amma sukan sha kaye. Guringuntsi kuma ba jini ke ratsa shi ba, shi ya sa gyaruwarsa ke da wuya. Ba shi da jijiyar jin zafi ma. Raɗaɗin daga ƙashin ƙasansa da rufin gaɓar yake fitowa.

Kitse shi ma yana fitar da waɗannan 'yan aiken, don haka rage ƙiba riba biyu ce: nauyin da ke kan gwiwa ya ragu, 'yan aiken ma su ragu.

Allurar toshe TNF tana aiki ga amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, amma ga na zaizayewa ba ta nuna wani abin kirki ba. Sai likita ya fara tantance wanne ne ke damun Mama. Kuma don Allah a daina ɗirka mata diclofenac na kemis kullum, yana cin ciki da ƙoda.