Gwiwar hannun mai ƙuna ta ƙi miƙewa

'Yar'uwa, Allah ya ba ƙaninki lafiya. Kin ce wata uku yana kwance da ƙuna, yanzu gwiwar hannunsa ta sandare, ga ƙishirwa.

Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi zaizayewa yake yi, kalsiyam ɗinsa, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya kwarara cikin jini. Shi ke kawo ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida, har tsakuwar ƙoda. Gwiwar hannu kuwa, nan sabon ƙashi ya fi tsirowa cikin naman masu ƙuna ya ƙulle gaɓa, kodayake tabo ma yana ja. Hoto zai bambance.

Kar ki sayo ƙwayar kalsiyam a kemis. A fara auna jininsa, masu gashin ƙashi su riƙa motsa hannun a hankali.