Tambaya da Amsa: Akwatunan Takardun Marigayi Injiniya

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu wata biyu da suka wuce. Ya daɗe yana injiniya mai kula da gine-ginen wani kamfani, daga ofisoshi da ɗakunan ajiya har gidajen ma'aikata, a nan Damagaram da Tanut da Magarya. Ya bar akwatin ƙarfe biyu cike da zane-zane da littattafai. Yayyena sun ce a ƙona, ni kuwa ina so in rubuta tarihinsa saboda jikoki. Ta ina zan fara?
Daga wata ƴar Birni, Damagaram

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙuri. Ƴar'uwa, ki roƙi yayyenki su dakata da ashana, domin ba duk abin da ke cikin akwatunan nan ne naku ba.

A shimfiɗa tabarma a inuwa, a ware takardun. Duk takardar fili, izinin gini ko kwangila da ke ɗauke da sunan kamfani, amana ce, ba ta shiga gado. Mafi tsada a cikinsu shi ne zanen ƙarshe, wanda ƴan shantiye (ma'aikatan wurin gini) ke kira rekolman, wato zanen gini yadda aka gina shi a zahiri. A garin nan dutse ne a ƙarƙashin ƙasa, ke da kike Birni kina ganinsa a tsaye. Sau da yawa mai haƙa ramin bututu yakan ci karo da fā, wato falalen dutse, sai a kewaya. Zanen farko ya nuna layi miƙe, bututun kuwa ya karkace da taku uku ko huɗu, kuma shaidar hakan ita ce ɗan jan biro da injiniya ya yi a kan zanen. In takardar ta ƙone, gobe wani magini zai kafta diga a kan bututun ruwa ko wayar wuta. Ki rubuta jerin abin da za ku mayar, kofi biyu, su sa hannu su buga hatimi, ki riƙe ɗaya. Ki nemi izini kafin ki ɗauki hoton zanen, musamman in akwai ɗakin ajiyar kuɗi a ciki.

Takardun makaranta, na albashi, shaidar aiki da lambar CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata, a ba wanda ke bin haƙƙin iyali. Wannan ba ya jira.

Tarihin da kike nema yana cikin littattafansa na shantiye, sai dai da lambobi aka rubuta shi. In kin ga 350 kusa da dal (shimfiɗar kankare ta rufi ko daɓe) ko ginshiƙi, ma'anarsa kilo 350 na siminti a kowace mita kib (mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi) ta kankare, buhu 7 ke nan na kilo 50. In kin ga 7 da 28, ranakun da ake gwada ƙarfin kankare ne bayan zubawa. Ki duba inda ya rubuta kuɗin ruwa. Kankare na son ban ruwa aƙalla kwana 7, a watan Afrilu kuwa zafi ya haura digiri 40, famfo ya ɗauke, sai an sayi ruwa wurin ƴan garuwa ko an kira motar tanki. Nan ne ɗan kwangila ke son yanke hanya, dal ya bushe da wuri ya tsattsage, damina ta zo ya yi yoyo, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren. Shafin da Baba ya ce a mayar da yashi saboda laka ta yi yawa, ko a rushe ginshiƙi a sake, ya fi faɗin halinsa a kan duk wani kirarin "mutumin kirki ne" da za ki ji wurin zaman makoki. Akwai kuma lissafin awannin janareto, da ake sake wa mai kusan kowace awa 250, da wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki lokacin buji, da share indararo kafin ruwan Yuni.

Kowane zane yana da ɗan akwati a kusurwar ƙasa ta dama, mai ɗauke da sunan gini, kwanan wata da ma'auni, 1/50 ko 1/100. Da shi za ki jera shekarun aikinsa. Takardar da ba ta da kwanan wata, ki auna ta da abin da gari ya sani: karya darajar sefa a Janairun 1994, buɗe matatar man SORAZ a 2011, ko ayyukan bikin Ranar Jamhuriya, wato Zinder Saboua, na Disamban 2018.

Wajen adana, kada ki kai su a liƙe da roba mai zafi, kada ki sa salatif, domin gam ɗinsa yana cin takarda. Ki cire ƙusoshin da suka yi tsatsa. Zanen nan mai launin shuɗi ko shunayya rana ce ajalinsa, yana koɗewa, don haka a naɗe shi a kan bututun roba mai faɗin santimita 10 da aka lulluɓe da farar takarda, kada a ninke. Akwatin a ɗora shi kan bulo, a janye shi daga bango saboda gara, a riƙa buɗewa ana dubawa bayan damina. Hoto kuwa da safe, a inuwa, waya a miƙe saman takarda, a ajiye rula a gefe.

Saura bakin mutane. Ki nemi magina, mai walda, mai gyaran famfo da mai gadin da suka yi aiki da shi. Kada ki ce "yaya halinsa", amsa ɗaya za ki samu. Ki buɗe littafin ki ce, "Baba, ranar da aka zuba dal ɗin nan, me ya faru?" Ki naɗi muryar a waya in sun yarda. Ki fara da mafi tsufa a cikinsu, kuma ki yi kafin ruwa ya sauka su watse gona.