Fatawa: Kuɗin da ake samu daga ɗora finafinan Kannywood a YouTube ba da izinin masu su ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ina da shagon cajin waya da tura finafinai, kuma shekara biyu ke nan da na buɗe tasha a YouTube. Idan sabon fim mai dogon zango ya fito, nakan sauke shi, in yayyanka, in ɗora a tawa tashar. Yanzu an fara biyana. Wani abokina ya ce kuɗin haram ne. Wani kuma ya ce tunda fim akwai kiɗa da rawa a ciki, ba shi da alfarma, ɗaukarsa ba sata ba ce. Mene ne hukuncin, kuma yaya zan yi da abin da na riga na ci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Abokinka na farko ya fi kusa da gaskiya: wannan aiki bai halatta ba, kuma kuɗin da ya shigo ta finafinan mutane haƙƙinsu ne a wuyanka.

Tushen maganar shi ne ko fim dukiya ne. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanabila sun tafi a kan cewa amfanin abu dukiya ne kamar shi kansa abin, shi ya sa ake biyan haya da ladan aiki. Annabi (SAW) ya aurar da mace ga wani sahabi a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim daga Sahlu ɗan Sa'ad. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke a ƙuduri mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin karewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba. Allah kuma ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada mu ci dukiyoyin juna da ɓarna sai dai ta kasuwanci bisa yarda. Ina yardar mai fim a nan?

Dubi yadda kuɗin ke tafiya. Furodusa ya biya marubuci da darakta da 'yan wasa, ya yi hayar kyamara da fitilu, ya sayi man janareta, ya ciyar da ma'aikata kwana da kwanaki a lokeshin, ya biya mai tace hoto, ya kai aikin Hukumar Tace Finafinai. Da can yana mayar da kuɗinsa a faifan CD ta hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai. Wannan kasuwa ta CD ta mutu. Yau abin da ya rage wa yawancinsu shi ne tallan da ke fitowa a YouTube, inda mai tasha ke karɓar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan, sai ɗan abin da tashoshin talabijin da masu ɗaukar nauyi ke bayarwa. Duk wanda ya kalli fim ɗin a tasharka, kallo ɗaya ne da ya fita daga lissafin mai shi ya shiga naka. Kai ma ka san mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo da YouTube ke nema kafin ta fara biyan tasha, da gumin wasu ka cika su. Hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, "babu cuta babu cutarwa", ya hau wannan daidai.

Akwai wata alama da nake so ka tambayi kanka a kanta. Masu wannan sana'a sukan juya hoton ya koma hagu, ko su ƙara masa sauri kaɗan, ko su sa masa firam a gefe, ko su canza amon murya, don kada na'urar Content ID, wadda YouTube ke gano bidiyon da aka kwafa da ita, ta gane shi. Wanda yake ganin abu halaliyarsa ne ba ya ɓad da kamanninsa. Idan kana yin haka, ka haɗa cin haƙƙi da algus, kuma "wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu" hadisi ne a Sahihu Muslim. Sannan ranar da ka buɗe tashar ka amince da sharaɗin cewa ba za ka ɗora abin da ba naka ba, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu.

Maganar abokinka na biyu tana da daɗin ji, amma ba ta fitar da kai. Fim ɗin ɗayan biyu ne. Ko abin da ke cikinsa halal ne a jimlace, labarin zaman aure ko tarihi ko faɗakarwa, to dukiya ce mai alfarma, ɗaukarta zalunci ne. Ko kuwa yana ɗauke da abin da shari'a ta hana na tsiraici da batsa, to ka zama mai yaɗa shi da hannunka, kana cin kuɗinsa, ga gargaɗin Suratun Nur aya ta 19 a kan masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Ba a taɓa jin malamin da ya ce tunda giya ba ta da alfarma, a kwashe ta a je a sayar ba. Haka hujjar "ɓoye ilimi" da wasu ke kawowa: hadisin yana magana ne a kan wanda aka tambaya ilimin da ake buƙata ya ƙi faɗa, bai shafi fim ɗin da mai shi ya riga ya sake kyauta a tasharsa ba.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Wannan ba ita ce satar da ake yanke hannu a kanta ba, domin ba a fitar da abu daga ma'ajiyarsa a ɓoye ba. Keta haƙƙin wani ne, hukuncinsa biyan abin da aka ci da horon da hukuma ta ga ya dace. A Najeriya akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da hukumar da ke kula da ita. YouTube ma tana da nata: gargaɗi uku na keta haƙƙi cikin kwana 90 sukan sa a rufe tasha ɗungurungum.

Game da abin da ya wuce, fara da cire duk bidiyon da ba naka ba daga tasharka yau, kada ka ce sai kuɗin wannan watan ya shigo. Amma kafin ka goge, shiga YouTube Studio ka rubuta abin da kowane bidiyo ya kawo, domin lissafin yana nan ɗaya bayan ɗaya. Ware su bisa kamfanoni. A ce ka samu dala 300: 60 daga bidiyon da ka ɗauka da kanka, 150 daga finafinan kamfani ɗaya, 90 daga na wani. Sittin ɗin taka ce. Sauran ka nemi masu su, lambar waya ko adireshinsu yawanci yana jikin tasharsu ko a ƙarshen fim. Ka gaya musu gaskiya. Idan sun yafe, shi ke nan. Idan kun yi sulhu a kan wani kaso, ya halatta, kuma yana da asali: a farkon Kitabul Ƙirad na Muwaɗɗa, Sayyidina Umar ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba daga 'ya'yansa Abdullahi da Ubaidullahi bayan sun yi kasuwanci da kuɗin baitulmali. Idan sun ce sai duka, ka ba su, ko da kaɗan-kaɗan ne gwargwadon hali. Wanda ka nema da gaske ba ka samu ba, ka yi sadaka da kasonsa da niyyar ladan nasa ne, kuma in ya bayyana daga baya yana da zaɓi. Sadaka ba ta wadatarwa matuƙar ana iya kaiwa ga mai haƙƙi, domin hadisin Bukhari ya ce wanda ya zalunci ɗan'uwansa ya nemi warwarewa daga gare shi tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami.

Turin shago ma hukuncinsa ɗaya ne idan babu izini, ko da abin da kake karɓa a kan kowane fim bai taka kara ya karya ba. Cajin waya, da tura karatu da wa'azin da masu su suka sake don a yaɗa, babu laifi.

Tashar kuwa ba sai ka rufe ta ba. Kana iya ƙulla yarjejeniya a rubuce da furodusa: wane fim, tsawon wane lokaci, kashi nawa kowa zai ɗauka, da shaidu biyu, shi kuma ya cire tasharka daga waɗanda Content ID ke kamawa. Kana iya yin sharhin finafinai da muryarka, ka sa ɗan gajeren yanki gwargwadon abin da kake magana a kansa, ba tare da ƙazafi ko tonon asirin 'yan wasa ba. Tallan fim da kamfani ya fitar don a watsa, al'ada ta nuna an yarda a yaɗa shi, haka ma tura wa mutane adireshin bidiyon na tashar mai shi, muddin abin da ke ciki bai saɓa wa shari'a ba.

Wallahu a'alam.