Amsa kan yadda jiragen ƙarƙashin teku suke sadarwa a da

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya cewa tunda ruwan teku yana shanye igiyar rediyo, ta yaya jiragen yaƙi masu nitso suke samun umarni daga shugabanninsu kafin zamanin tauraron ɗan'adam. Ni ba sojan ruwa ba ne, amma na daɗe ina gyaran rediyo, kuma na yi ɗan gwaji a kan wannan batu da hannuna.

Abu na farko shi ne a raba ji da magana, domin jirgin da ke cikin ruwa yana iya saurare, amma idan zai yi magana sai ya ɗago eriyarsa sama, kuma a nan ne ajalinsa yake. A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus masu nitso sukan taso su aika wa kwamandansu, Admiral Dönitz, rahoto a gajeren zango, irin wanda muke kama BBC da shi a kan mita 16 ko mita 19. Turawan Ingila suka ɗora wa jiragen rakiyarsu wata na'ura da suke kira Huff-Duff, wadda ba ruwanta da ma'anar saƙon da aka kulle da Enigma, wato na'urar ɓoye saƙo ta Jamusawa, abin da take nema kawai shi ne ta wace kusurwa muryar ta fito. Da zarar jirage biyu sun ja layi daga wurare daban-daban, inda layukan suka haɗu nan mai maganar yake. A ganina mutane sun cika ɗaukaka labarin fasa Enigma har suna mantawa da wannan.

Wajen saurare kuwa, dabarar ita ce a tsawaita zango, saboda gwargwadon tsawonsa gwargwadon yadda yake kutsawa cikin ruwan gishiri. Jamusawa sun gina tashar rediyo mai dogon zango ta Goliath a 1943, wadda Rashawa suka kwance bayan yaƙi suka sake kafawa a ƙasarsu. Amurka ta buɗe tashar Cutler a jihar Maine a 1961, tana watsawa a kan kilohaz 24 (haz shi ne yawan kaɗawar igiyar rediyo a daƙiƙa ɗaya, kilohaz kuma haz dubu ne), wato zangon da tsawonsa ya kai kilomita 12 da rabi, shi ya sa eriyar tata ba sanda ɗaya ba ce, wayoyi ne da aka shimfiɗa a kan dogayen turaku 26. Duk da wannan ɗawainiya, saƙon bai wuce ya nutsa kamar mita 20 ba, don haka dole jirgin ya matso kusa da saman ruwa, ko ya saki doguwar waya mai yawo a bayansa.

Irin waɗannan tashoshi ne na taɓa kamawa. Na naɗe wayar jan ƙarfe a kan katako mai kusurwa huɗu, na haɗa ta da ramin makirufo na kwamfuta, sai dai ƙarar wutar lantarki ta unguwa ta rufe komai har na kusa haƙura. Wani dare da aka ɗauke wuta, kafin maƙwabta su tada janareta, sai ga layuka sirara a tsaye a kan allo tsakanin kilohaz 18 da 24. Ba murya ba ce, lambobi ne a kulle da ke zuba dare da rana ba tsayawa, domin kada abokin gaba ya gane lokacin da aka aika umarni na gaske.

Don isa ga jirgin da ya yi nisa a ƙasa, sai aka ƙara tsawaita zangon. Amurka ta yi amfani da haz 76 daga jihohin Wisconsin da Michigan har zuwa 2004, Tarayyar Sobiyet kuma ta kafa tashar ZEVS a kan haz 82 kusa da birnin Murmansk. Zangon ya kusan kilomita 4,000, kuma haruffa uku kacal suna cin mintuna masu yawa kafin su isa, saboda haka amfaninsa bai wuce ƙwanƙwasa ƙofa ba: a ce wa jirgi ya taso ya karɓi cikakken saƙo. Shi kuwa ba shi da halin mayar da amsa ta wannan hanya.

Tsakanin jirgi da jirgi a kusa, ba rediyo ake amfani da ita ba, sauti ne ake turawa ta cikin ruwa da wata wayar tarho da sojojin ruwan Amurka suka laƙaba wa suna Gertrude, wadda duk mai kunne a cikin tekun yana iya jin ta.