Amsa: Digirin digirgir a fannin haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa

Ɗan'uwa daga Garwa ta Kamaru, ka ce ka gama mastas a injiniyancin gine-gine a Marwa, kana tambayar inda za ka yi digirgir kan haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. To, fara neman farfesan da zai duba aikinka kafin ka zaɓi makaranta, domin wasiƙar amincewarsa ce ke buɗe ƙofar tallafi. Jami'ar Tongji ta Shanghai ta yi fice a fannin, kuma gwamnatin Sin na ba da tallafin karatu ta hannun hukumarta ta CSC. Jami'ar Leoben ta Austiriya har filin gwaji gare ta cikin dutse. Faransa kuwa digirgir shekara 3 ne, ga sauƙin harshe gare mu masu jin Faransanci.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne takardar tsarin bincike. "Ina son nazarin ramuka" ba batu ba ne. Ɗauki matsala guda: misali laka irin ta karal, wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani, yaya take matsa bangon kankaren rami? Faɗi samfurin da za ka haƙo, gwajin da za ka yi masa, da yadda za ka auna sakamakon da lissafin manhajar kwamfuta ta PLAXIS ko FLAC3D. Manhajar ba ta gyara ƙarya. In samfurin ya bushe a hanya don ba a rufe shi da kakin zuma ba, alƙaluman duka sun lalace.

Ka iya ma'aunan ingancin dutse, RMR na 1973 da Q na 1974, don da wuya a yi maka tambayoyin neman gurbin karatu ba su fito ba. Turanci ma dole ne, da shi ake buga yawancin binciken.