Tambaya da Amsa: Shin gwamnati za ta riƙa yankar haraji daga asusun bankina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Sakkwato, ina saye daga Goronyo da Wurno ina aikawa Kudu. Tunda aka fara gardamar kasafin kuɗi da sabuwar dokar haraji hankalina bai kwanta ba. An ce duk kuɗin da ya shiga asusu za a yanki kaso, har na fara tunanin kwashe jarina in aje a gida. Kuma an ce an rage wa talaka haraji. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka kwashe kuɗinka. Babu inda dokar ta sa haraji a kan abin da ke ajiye cikin asusu.

Dokokin guda huɗu ne, Shugaba Tinubu ya sa musu hannu ranar 26 ga Yuni 2025, sabon tsarin harajin kuma aikinsa daga 1 ga Janairu 2026. Ragin gaskiya ne: naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kai. Miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, yana hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai zaman haya ana cire masa kashi 20 na kuɗin hayar shekara kafin lissafi, iyakarsa naira 500,000.

Jita-jitar asusu ita ce ke ɓata mini rai, domin tana jefa bayin Allah cikin halaka. Haraji a kan riba yake. Ka loda mota, abokin cinikinka a kasuwar Mile 12 ta Legas ya turo maka miliyan 10. A ciki akwai kuɗin da ka biya manomi, da na buhuna, da 'yan dako, da direba, da la'adar dillali, da asarar wadda ta ruɓe a hanya. Sai an cire duk wannan tukuna. In ribar shekararka ta tsaya miliyan 2, a ware 800,000, saura miliyan 1.2, kashi 15 ɗinta naira 180,000 ke nan. Kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jiha za ka biya, kan lissafin shekara. Kuɗin da ɗan'uwanka ya turo maka kyauta, ko bashin da aka maido maka, ko gadon da ya faɗo maka, duk ba riba ba ne.

Abin da mutane ke gani su firgita shi ne naira 50 da ake cirewa a tura kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama. Wannan ya girmi sabuwar doka da shekaru. Gaskiya ne bankuna na ba hukuma rahoton manyan hada-hada, gaskiya ne kuma hukuma na iya bin bashin haraji ta banki, amma sai an ƙiyasta maka, an aiko maka takarda, an ba ka damar ƙin amincewa, bashin ya tabbata. Masu aiko saƙon murya a WhatsApp suna rantsuwa ba su karanta ko shafi ɗaya ba, amma sun sa dattijo ya ɗaure miliyoyi cikin buhun taki ya tura ƙarƙashin kujerar mota, ya kama hanyar Isa ko Sabon Birni. Kai ma ka san abin da ke kan waɗannan hanyoyi. Wallahi duk wanda ya yaɗa wannan magana yana da kamasho cikin abin da ya samu mutumin nan. Ga kuma 'yan damfara da suka samu kasuwa, su kira ka su ce za su “cire asusunka daga haraji” in ka ba su lambar BVN da lambar da banki ya turo maka a waya. Kana faɗa musu, sun share asusun. Ma'aikacin haraji ba ya neman wannan lamba.

Batun kasafi da tallafi kuwa, rubuta kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban. Kasafin 2025 ya kai naira tiriliyan 54.99, amma biyan bashi ya lashe kaso mai tsoka. Tallafin naira 25,000 da aka alkawarta wa magidanta miliyan 15 bayan cire tallafin mai a 2023 ta rajistar masu ƙaramin ƙarfi yake bi, kuma shiga kyauta ne. Inda ya kamata ku sa ido shi ne harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan farashin kayan da aka saya: yana nan a kashi 7.5, amma rabon jihohi ya tashi daga kashi 50 zuwa 55. Ku tambayi ɗan majalisar jiharku ina ƙarin ke tafiya.

Kai dai, Alhaji, ka buɗe asusun kasuwa daban da na cefanen gida. Ka sayi littafi, kowace mota ka rubuta rana, yawan buhu, farashin saye, kuɗin hanya da abin da aka sayar, ka aje rasit. Wanda ba shi da rubutu shi ake yi wa ƙiyasi da ka, kuma yawanci ƙiyasin ya fi abin da ke kansa nauyi.