Kwalkwalin Rumawa: falle ɗaya ko biyu?

Ka tambaye ni me ya sa ba za mu raba kwalkwalin nan gida biyu mu bi shi da walda mu huta ba. To ɗana, wanda ya ba mu aikin, na sojan Rum na ƙarni na 1 Miladiyya yake so, kuma maƙeran wancan zamani daga falle ɗaya na baƙin ƙarfe suke fitar da ƙoƙon kai har da marufin ƙeya. Inda aka haɗa, nan sara yake samun ƙofa.

Wahalar tana wajen bugu. In ka zauna kana ta dukan tsakiya daga ciki, ƙarfen zai miƙe ya yi siriri a tsakar ka, daidai wurin da takobi ke sauka. Daga waje ake bugawa, ana zagayawa ana tattaro ƙarfen a hankali. Da ka ji ya yi tauri a ƙarƙashin masaba, mayar da shi wuta. In ka matsa masa, tsagewa zai yi.

Marufin ƙeya kuwa kada ka rage masa faɗi don neman kyau. Sojan yana ɗan sunkuyawa bayan garkuwarsa, sara daga sama yake zuwa, sai ya zame ta baya maimakon ya sami wuya. Gurbin kunne a buɗe ake barinsa don ya ji umarni da ƙaho. Marufan kumatu ana ɗaure su da igiyar fata a ƙarƙashin haɓa.

Dabararka ta raba shi biyu fa ba sabuwa ba ce, amma sai daga baya Rumawa suka zo gare ta. A yaƙin Sarkin Rum Tarajan da mutanen Dakiya, Romaniya ta yau, daga 101 zuwa 106, abokan gaba suna da wani takobi mai lanƙwasa kamar lauje, har aka riƙa gicciya sandunan ƙarfe biyu a saman kwalkwali. Zuwa ƙarni na 4 kuma, da gwamnati ta kafa maƙerunta tana ƙera wa dubban sojoji, sai aka koma falle biyu, a ɗora tsiri a tsakiya a kafe da ƙusa. Ya fi sauri da araha, amma ni na farkon ya fi cika mini ido.

Ka bar sarari a ciki don hular da za ta tare girgizar duka, domin ƙarfe kai tsaye a kan ƙoƙon kai ba ya hana suma. Ɗauko awartaki, ka ƙara gawayi.